Fuskoki Bakwai a Katangar Tasha

Tun daga kwanar layi, Auta ta hango taron mutane a ƙofar shagonta. Ba ta da wata hanyar bi sai wannan ɗin. An fasa gilashin tagar, an watsa wa ƙofar baƙin fenti har yana tsiyaya ƙasa, zanukan da ta kwashe shekaru tana yi kuwa ga su nan a cikin kwata, wasu a yage, wasu da sawun takalmi a kansu. Ba wanda ya matsa mata. Ta ratsa su a hankali, ta durƙusa ta ciro hoton wata tsohuwa mai sayar da zare da ta zana bara, ruwan kwata na ɗiga daga fuskar... Kafin ta miƙe ta ji saukar mari, irin wanda ke sa mutum ya ga wuta. Da ta ɗago, sai ta ga Maman Direba ce, matar da sati biyu da suka wuce ta rungume ta a gaban jama'a tana sa mata albarka.

"Me suka ba ki da ya fi ɗana?" in ji matar. "Na ɗauko hotonsa ɗaya tilo da nake da shi na ba ki da hannuna. Ashe kasuwa za ki kai min shi."

"Mama, wallahi ba ni ba ce..."

"Kar ki ƙara ce min Mama."

Auta marainiya ce. Mahaifiyarsu ta rasu tana goye, mahaifinsu kuma, wanda ya buɗe wannan shagon na rubuta allunan talla da zanen hotuna, ya bi ta shekara shida da suka wuce. Shi ya koya mata riƙe buroshi, ita da ɗan Kawunta da kowa ke kira Fenta, a kan benci ɗaya, da gwangwanin fenti ɗaya. Da ya rasu sai ya rage daga ita sai Yayanta, mai kaɗa jita a gidan rediyo, mutum mai yawan raha da ba ya iya shiga ɗaki ba tare da ya ɗan ƙwanƙwasa ƙofar da kiɗa ba. Da yamma in ta rufe shago, sai ya zauna a bakin tebur yana gwada sabuwar waƙa, ita tana wanke buroshi da kananzir, yana tsokanarta wai ita ce kaɗai mace a garin da turarenta kananzir ne. Ranar da mutane suka fito zanga-zanga kan tsadar rayuwa, shi ma ya fita, ya ce ba zai yi waƙar talaka a rediyo ba sannan ya ɓuya a ɗaki ran da talaka ya fito. A bakin tasha aka fara jifa, aka harba barkonon tsohuwa, mutane suka ruɗe suka bi ta ƙofa ɗaya. Mutum bakwai suka mutu a turmutsutsun. Yaya na cikinsu, da wani direba, ɗan matar da ta mare ta.

Wata uku Auta ta yi ba ta iya zana komai ba sai lambar gida da sunan shago. Daga baya ta je wajen shugabannin tasha ta roƙi katangar da ke kallon titi, ta bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya ta karɓo hotuna. Kwana sha tara tana kan tsani cikin rana, tana zane tana share hawaye da gefen mayafi. Da ta gama, mutane suka riƙa zuwa suna tsayawa shiru a gaban fuskokin nan bakwai, har direbobi kan rage gudu in sun zo wajen. Ba ta rubuta sunan kowace jam'iyya ba, ba ta zagi kowa ba. Sunayensu kawai ta sa, da ranar, sai 'yar alamarta ta tsuntsu a ƙasan kusurwa.

To jiya da safe aka wayi gari an ga ƙari a katangar. A saman fuskokin bakwai an zana wani ɗan takara yana murmushi, ya buɗe hannuwa kamar uba ya rungume 'ya'yansa, an rubuta da manyan haruffa: SUN BA DA RANSU DOMINSA. Mutumin nan kuwa shi ne rabin gari ke zargin yaransa da fara jifa a ranar. Rubutun irin na shagon mahaifinta ne sak, har lanƙwasar wutsiyar haruffan, ga kuma tsuntsunta an sake zana shi a gefen kafaɗar ɗan takarar. Wa zai yarda ba ita ba ce?

Tana nan durƙushe a bakin kwata motar 'yan sanda ta tsaya. Su ba ruwansu da wanda ya zana me, abin da suka sani shi ne katangar ta jawo faɗa a tasha har an fasa wa mutum biyu kai, kuma sunanta ne a bakin kowa. Kwana biyu ta yi a hannunsu, ana yi mata tambaya ɗaya ana juya ta: wa ya sa ki, wace jam'iyya kike yi wa aiki? Ta ce ba ta yi wa kowa aiki, yayanta ta zana. Mai rubuta bayanin ya ɗago ya dube ta, ya ce duk wanda ya zo nan haka yake cewa. A rana ta uku Kawu ya zo ya yi belinta, bai ko kalli inda take ba har suka isa gida.

A falonsa ta tarar an tara dangi. Gwaggo na can gefe tana jan carbi, Fenta na zaune a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinsa ya sunkuyar da kai kamar wanda abin ya fi kowa ciwo, matar Yaya kuma, wadda Auta ke kira Anti, tana riƙe da 'yarta Ummi a cinya, idanunta sun kumbura.

"Kin zubar mana da mutunci," Kawu ya ce. "Ni yanzu in na fita, nuna ni ake yi da baki. Tun farko na ce mace da hawa tsani a bakin titi ba zai haifar da alheri ba, ubanki ya ƙi ji. Abin da za a yi, ki je gidajen mutanen nan ki amsa laifinki ki ba su haƙuri. Makullin shago kuma ki miƙa wa ɗan'uwanki ya riƙe har ƙura ta lafa."

"Kawu, ta yaya zan amsa abin da ban yi ba? Yayana ne fa a jikin katangar nan. Ni zan ɗora mutumin nan a kansa?"

Fenta ya yi gyaran murya a hankali. "Auta, ni ban so in yi magana ba. Amma hannun Baba mu biyu ya koya wa, kuma ni ran nan ina gida ba ni da lafiya, kowa ya sani. Ki faɗi gaskiya kawai, mutum ai yakan yi kuskure in rayuwa ta matse shi."

Ta dube shi. A lokacin ta gane shi ya yi zanen, ta kuma gane cewa ganewar ba za ta amfane ta da komai ba. Ba ta da shaida, ba ta da uba, ba ta da wa. Ta buɗe baki ta ce, "Kai ne..." sai Kawu ya daka mata tsawa, ya ce bayan abin kunyar da ta yi kuma za ta shafa wa ɗansa? Gwaggo ta ce a yi haƙuri, a bar maganar haka. Auta ta kwance makullin daga bakin mayafinta ta ajiye a kan tabarma.

Abin da ya fi yi mata ciwo bai zo ba sai da suka koma gida. Anti ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya. Ta ninke kayan Ummi, ta sauko da jitar Yaya daga jikin ƙusa ta naɗe ta da zane.

"Anti, ke ma?"

"Ban san me zan yarda da shi ba, Auta. Na je na gani da idona. Rubutunki ne. In na dube ki, katangar nake gani... Zan koma gidanmu. Kar ki zo, don Allah, ko don yarinyar nan."

Ummi, 'yar shekara huɗu, ta riƙe ƙafar Auta tana cewa ita a wajen Gwaggo Auta za ta zauna, ai ba su gama zanen kyanwa ba. Sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana jin kukan yarinyar yana nisa har ya ɓace a hayaniyar titi, sannan ta koma ta zauna a tsakar ɗaki, ta dubi ƙusar da babu komai a jikinta, ta fashe da kuka. "Ya Allah, Kai ne ka gani. Ba ni da kowa sai Kai. Ko ba ka wanke ni don ni ba, ka wanke ni don Yaya, kar a ce ƙanwarsa ce ta sayar da shi."

Daga nan wahala ta riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya. Makarantar da take koya wa yara zane duk ranar Laraba ta aiko mata da takarda cewa iyaye sun yi ƙorafi, ta dakata tukuna. Mai gidan da suke haya ya ce ba ya son a zo a ƙone masa gida saboda ita, ta koma wani ɗaki ƙarami a bayan shagon wani tsoho mai gyaran rediyo, abokin mahaifinta. Hukumar tasha ta sa aka shafe katangar gaba ɗaya da farin fenti, har da fuskokin bakwai, don a zauna lafiya. Ranar da ta wuce a motar haya ta ga fari fat, sai da ta toshe bakinta da mayafi don kar fasinjoji su ji. Magoya bayan gwamnati na cewa 'yar tayar da fitina ce, 'yan zanga-zanga na cewa maciya amana ce, su kuwa mutanen ɗan takarar sun yi gum, don abin ya yi musu daɗi. A waya ana ta yawo da hotonta ana zagi, mutanen da ba su taɓa ganinta ba suna rantsuwa sun san halinta tun tana yarinya. Ta kashe wayar ta sa a ƙasan akwati, duk da cewa a cikinta ne waƙoƙin Yaya suke.

Shagon mahaifinta kuwa ya cika da hotunan 'yan takara. Fenta ya cire tsohon allon ya sa sabo da sunansa, ya sayi babur, ya fara sa tabarau.

Ita kuma ta koma rubuta lambar mota a bayan garejin manyan motoci, inda ba a tambayar sunan mutum. Tana zuwa da safe ta rufe rabin fuskarta, ta yi aikinta a tsugune cikin ƙaurin baƙin mai, ta dawo. Sau da yawa takan ɗauki fensir ta ce bari ta zana ko da fuskar Ummi ce, sai hannun ya ƙi. Da ta ja layin goshi sai ta ji muryar Maman Direba, ta ajiye. Tsohon mai gyaran rediyo kan leƙo ya ga takardar da layi ɗaya a jiki, ya girgiza kai.

"'Yata, ki ci abinci ko kaɗan ne. Ni na san hannun ubanki, na san naki. Wancan zanen ba naki ba ne, idon mutumin a mace yake, ke kuwa ko akuya kika zana sai ta kalli mutum."

Ta yi murmushin da ya ƙare da hawaye. "Baba, kai kaɗai ka sani. Wa zai ji ka?"

"Ba wanda zai ji ni," ya ce, ya koma kan rediyonsa. Gaskiya ya faɗa. Ya je wajen Kawu sau biyu, aka ce masa tsufa ne ke damunsa.

Wata bakwai aka yi a haka. Ta rame har zoben mahaifiyarta ya daina zama a yatsanta. Ran nan a kasuwa ta hango Anti da Ummi a wajen mai takalma, yarinyar ta yi tsawo, an yi mata kitso biyu. Auta ta laɓe a bayan rumfa tana kallonsu har suka tafi, ba ta iya ko ɗaga hannu ba.

Aka yi zaɓe, ɗan takarar ya ci. Ya raba muƙamai, ya ba wani ƙanin matarsa aikin duk allunan hukuma, wanda ashe shi aka yi wa Fenta alkawari. Fenta ya yi ta zarya ofishin jam'iyya sati uku ana ce masa Oga na taro. A rana ta ƙarshe masu gadi suka tura shi waje a gaban mutane, tabaransa ya faɗi ya fashe. Nan fa idonsa ya rufe. Ya tsaya a tsakiyar titi da rana tsaka yana ɗaga murya, ya manta cewa kowa na da waya a hannu.

Auta na tsugune a bayan wata babbar mota tana cika lamba ta ji ana kiranta. Tsohon mai gyaran rediyo ne, yana haki, ya baro shagonsa a buɗe. Ya miƙa mata wayarsa. Ga Fenta nan, jijiyar wuyansa ta tashi: "Ni za ku wulaƙanta? Wa ya hau katangar tasha kafin gari ya waye ya zana muku shi a kan gawarwakin mutane? Ni ne! Har tsuntsun ƙanwata na sa don a ce ita ce, na kashe mata rayuwa saboda ku, yau ku ce ba ku san ni ba?"

Buroshin ya suɓuce daga hannunta. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi dariya ba. Ta zauna daɓas a ƙasa cikin baƙin mai, ta sa kanta a gwiwa tana ta maimaita alhamdulillahi, kafaɗunta na jijjiga, har makanikai suka bar aikinsu suka kewaye ta ba su san me ya faru ba.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. 'Yan sanda suka kama Fenta a shago yana ƙoƙarin haɗa kaya, da ba su zo da wuri ba ma da mutane sun yi masa illa. Iyalan mamatan suka shigar da ƙara, kotu ta ɗaure shi shekara biyu, mutanen da ya yi wa aikin kuwa ko leƙowa ba su yi ba, sun ce ba su taɓa ganinsa ba. Kawu ya daina fita. Amma shi da kansa ya kawo mata makullin, ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakinta ya kasa shiga, ya kasa haɗa ido da ita.

"Auta... na cuce ki. Na san halin yaron nan, na rufe ido don nawa ne."

Ta karɓi makullin da hannu biyu. "Allah ya yafe mana, Kawu." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan, shi ma bai nemi ƙari ba.

Washegari da hantsi tana share gilasan da suka rage a lungun shago ta ji an yi sallama. Mata ne su shida a tsaye, Maman Direba a gaba, Anti a bayansu da Ummi. Kafin Auta ta ajiye tsintsiya, Maman Direba ta zube a ƙasa ta kama ƙafarta.

"Da wannan hannun na mare ki, 'yata. Wata bakwai ina tsine miki a sallah. Ban san da wane baki zan roƙe ki ba."

Auta ta durƙusa ta ɗago ta. "Mama, ki tashi don Allah. Ɗanki aka taɓa. Da ni ce ma, ban san me zan yi ba."

Anti ta rungume Auta suna kuka, Ummi ta shiga tsakaninsu tana tambaya me ya sa kowa ke kuka alhali ba wanda ya faɗi. Matan suka kwance bakin zanensu, kowacce ta fito da hoton ɗanta ta ajiye a kan tebur. Sun riga sun je wajen shugabannin tasha, an ba su katangar.

Ranar da Auta ta sake hawa tsani, ta kasa jan layin farko. Ta daɗe a tsaye da buroshi a sama, tana kallon farar katangar. Matan na ƙasa sun riƙe mata tsanin, biyu ta nan biyu ta can, ba wanda ya ce ta yi sauri. Can dai ta ja goshi, ta ja gira, fuska ta fara fitowa. A rana ta huɗu tana kan hoton direban, ta ji an ja gefen zanenta.

"'Yata," in ji Maman Direba, tana kare rana da tafin hannu, "wancan karon na ji kunyar faɗa miki. Kunnuwansa sun fi haka girma. Kin yi masa gata da yawa, har sai da na yi ta kallo kafin na gane shi."

Matan suka kwashe da dariya, hawaye na bin kumatunsu. Auta ma ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar Yaya. Ta tsoma buroshi a fenti, ta ce, "To Mama, ki tsaya nan ki riƙa gaya min. In ya kai, ki ce ya isa."